Kashin Tattabara Taki Ne, Na Kyanwa Sai Rami

A Darmanawa ta ƙaramar hukumar Tarauni, kamar sauran unguwannin Kano, gidaje da dama na kiwon tattabaru da kyanwa. Idan aka zuba shararsu a kwata, ruwan damina kan kwashe ta zuwa kududdufai da bakin rijiyoyi.

Kashin tattabara yana ɗauke da naitirojin da fosfaras, sinadaran da shuka ke bukata. In aka tara shi da busasshen ganye ya ruɓe, sai ya zama taki. Majema ma sun daɗe suna tausasa fata da shi. Amma a yayyafa ruwa kafin sharar akurki, domin ƙurarsa na cutar da huhu.

Na kyanwa dabam ne. Yakan ɗauko ƙwayar cutar Toksofilasma, wadda aka gano a 1908, mai haɗari ga ɗan tayi. Ƙwayar ba ta iya kama mutum sai ta kwana 1 zuwa 5 a waje. Saboda haka a kwashe shi kullum, a binne nesa da rijiya da lambu, a wanke hannu da sabulu. Mai juna biyu kuwa a ɗauke mata wannan aiki.