Kiran bidiyo: Yadda ya ke haɗa iyalai a Jega, Aliero da Maiyama

Garuruwan Jega da Aliero da Maiyama a jihar Kebbi sun daɗe da sanin tafiya. Jega tsohon garin kasuwanci ne a kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Yawuri da Kwantagora, kuma hanyar ta ratsa ta Maiyama. Ita kuwa Aliero ta yi suna wajen noman albasa, wadda fatake ke lodawa zuwa kasuwar Mile 12 a Legas da sauran biranen kudu, har ma da ƙasashen maƙwabta.

Don haka da wuya a sami unguwar da ba ta da ɗan kasuwa ko ɗan ci-rani da ke shafe watanni ba ya gida.

Daga wasiƙa zuwa allon waya

Kafin shekara ta 2001, layukan tarho a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, kuma akasarinsu a manyan birane suke. Mai son aika saƙo gida sai ya rubuta wasiƙa, da boko ko da ajami, ko ya naɗi muryarsa a kaset ya ba direban mota. Idan wasiƙar ta iso, a nemi ɗan makaranta ya karanta, sirrin gida kuma ya zama na mutum uku.

A watan Agustan 2001 ne kamfanonin Econet da MTN suka soma aikin wayar salula, sannan Glo ya biyo baya a 2003. Amma ganin fuska bai zama ruwan dare ba sai bayan da wayoyi masu kyamara suka yi araha, kuma manhajar WhatsApp ta ƙara kiran bidiyo a watan Nuwamban 2016.

Abin da ya sa wannan hanya ta karɓu shi ne ba ta buƙatar iya karatu. Tsohuwar da ba za ta iya rubuta saƙo ba, jikanta zai danna mata ta ga ɗanta. Kuma abin da uwa ke dubawa ya wuce gaisuwa: ko ya rame, ko akwai damuwa a fuskarsa, ko wane irin ɗaki ya ke kwana. A murya mutum na iya cewa lafiya lau alhali yana kwance. A hoto da wuya ya ɓoye. Hausawa dai sun ce gani ya kori ji.

Haka ma magidancin da aka yi wa haihuwa yana Legas kan ga jaririn tun kafin ranar suna. A Aliero, inda ake kawo masu karaya daga nesa wurin sanannun masu ɗori na garin, dangin majiyyaci na iya ganin yadda ya ke samun sauƙi ba tare da sun biya kuɗin mota ba. Ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a garin a 2006 su ma da shi suke gaida iyayensu.

Inda gizo ke saƙa

Wayar tana ɗaukar hotuna da yawa a kowace daƙiƙa, ta matse su, ta tura su tare da murya ta intanet. Wannan ne ya sa bidiyo ke cin data ninkin-ba-ninkin abin da kiran murya ke ci, kuma yana buƙatar layin 3G ko 4G mai ƙarfi. Idan layin ya yi rauni, hoto ya kan daskare, murya ta riƙa yankewa. A cikin gari abin da sauƙi, amma a ƙauyukan da ke nesa da turakun sadarwa, sai mutum ya fita neman inda sabis ya ke.

Ga kuma tsada. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Sai batun wutar lantarki, wanda ke tilasta wa mutane kai wayoyinsu wurin masu caji da janareto ko sola.

Akwai wani abu da ba a cika ambata ba. A gidaje da dama babbar wayar tana hannun maigida ko saurayin gidan, don haka matan da aka bari a gida, waɗanda su suka fi buƙatar kiran, sai sun jira mai wayar ya dawo kafin su ga nasu.