Ɓawon Itace Ba Riga Ba Ce

A bakin kasuwar garinmu akwai wani maɗaci da ya girmi kowa a unguwar. Bara da rani na tarar da wani dattijo mai sayar da sassaƙe yana saran jikinsa da ɗan gizago, ɓaraguzan na faɗawa cikin buhu. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ba ka tsoron itacen nan ya mutu?" Ya yi dariya ya ce, "Yaro ke nan. Ɓawo ai riga ce. Ran itace yana can ciki. In ka tuɓe wa mutum riga, mutuwa zai yi?"

Ba shi kaɗai ke da wannan fahimta ba, na sha jin ta a bakin manoma har da 'yan boko. Baba ya fi ni sanin itatuwa nesa ba kusa ba, don ko cikin duhu ya shinshina sassaƙe zai gaya maka na marke ne ko na kirya. Amma a wannan magana ɗaya ina ganin an juya abin baibai.

Rabin maganarsa gaskiya ce. Busasshen ɓawon waje matacce ne. A 1665 wani masani ɗan Ingila, Robert Hooke, ya yanki ɗan siririn toton da ake toshe kwalba da shi, ya duba a madubin ƙara girma, ya ga ƙananan ɗakuna jere kamar saƙar zuma, ya kira su sel, wato abin da muke cewa ƙwayoyin halitta. Bangaye kawai ya gani, masu ɗakin sun riga sun mutu. Wannan toto ɓawon wani itace ne da ake nomawa a Fotugal, inda ake ɓare shi duk bayan shekara 9 kuma itacen ya ci gaba da rayuwa, saboda masu aikin suna kiyaye abin da ke ƙarƙashi. To, gizagon mai magani ba ya tsayawa a busasshe. Ɗanyen nan na ciki, ja mai ɗaci, shi ake nema.

Tsakiyar itace da Baba ke kira mazaunin rai, galibinta gawa ce. Ƙwayoyin da ke wurin, waɗanda masana ke kira zailem, suna gina bango mai kauri, su taurara shi, sannan su mutu su bar bututu fanko, ta nan ruwa ke hawa daga saiwa zuwa ganye. Ko wannan aiki ma farin itacen gefe ne ke yin sa. Jan cikin nan da masassaƙa ke so don turmi ya daɗe da toshewa, ginshiƙi ne kawai. Wa bai taɓa ganin tsohuwar bishiya mai kogo ba, wadda yara ke shiga cikinta su ɓuya, amma duk damina sai ta yi ganye shar?

Abinci kuwa daga sama yake saukowa. Ganye ne ke haɗa sukari da hasken rana da ruwa da iska, sai sukarin ya gangaro har saiwa ta wasu rayayyun ƙwayoyi, fulowem, da ke manne a cikin ɓawo. Tsakaninsu da katako akwai wani shimfiɗi mai suna kambiyam, wanda bai kai kaurin takarda ba. Duk wanda ya taɓa ɓare ɗanyen reshe da damina don yin tsumagiya ya taɓa shi: santsin nan mai laima da ke sa ɓawon ya zame. Shi ne ke rarrabuwa, yana haifar katako ta ciki da fulowem ta waje, kuma kusan duk kaurin da itace ya yi daga gare shi ne. Tun a ƙarni na 17 wani likita ɗan Italiya, Marcello Malpighi, ya cire ɓawo zobe guda a jikin itace, ya ga saman yankan ya kumbura, ƙasan bai ƙaru ba. Abinci ne ya zo ya tarar an datse hanya.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne jinkiri. Itacen da aka zagaye da sara ba ya yaushi washegari, tunda ruwa na nan yana hawa. Saiwa ce ke cin ajiyarta a ƙarƙashin ƙasa har ta ƙare. Sai bayan shekara ɗaya ko biyu ya bushe daga sama, a ce fari ne ko gara.

Misalin mutum da Baba ya kawo ma bai zauna ba. Ƙwayar jikin dabba ba ta da bango, tantani ne mai laushi ya lulluɓe ta, shi ya sa in ka yanke, jini ya daskare, ƙwayoyin bakin ciwon su rarrafo su haɗe. Ta tsiro tana kulle cikin bango, manne da maƙwabciyarta, ba ta zuwa ko'ina. Sai dai itace ya riƙa tofo sabon nama daga gefen raunin a hankali, kamar leɓe. In raunin ya yi faɗi, ruɓa da ƙwari su riga shi.

Ina zaton kuka ce ta koya wa mutane wannan sakaci. Ana ɓare ta don igiya, ta mayar da ɓawonta, saboda katakonta mai taushi cike yake da rayayyun ƙwayoyi. Giginya da dabino su ma nasu daban ne, bututunsu a warwatse suke cikin gangar jiki, kamar zaren da ke maƙalewa a haƙori in ana shan rake. Maɗaci ba kuka ba ne.

Na tambayi Baba yadda ya gaji sana'ar. Ya ce mahaifinsa gabas da yamma kawai yake ɗiba. Ko mene ne dalilin magabata, hakan yana barin kudu da arewa a buɗe, abinci na wucewa. Yanzu hannu ya yi yawa, kowa da gefen da ya samu. Makon jiya na zagaya maɗacin, na auna ɓawon da ya rage ta arewa, wanda ya haɗa sama da ƙasa. Tafin hannuna ya rufe shi.