Tawadar Gawayi Mai Gano Dafin Kwalara

Masu tarihi sun ce maƙeran farko na Kano, Abagayawa, daga Gaya suka taso suka zauna gindin Dala don neman tama. Gawayi ne abokin aikinsu, kamar yadda shi ne asalin tawadar da malami ke haɗawa da ƙaro ya rubuta allo. To, ga shi masana sun samo wa gawayin nan wani aiki dabam, wanda ya shafi ran mutanen Gaya da Ajingi duk damina, sa'ad da ruwan kududdufi ke malalawa cikin rijiya.

Cutar amai da gudawa, wato kwalara, ta shigo Nijeriya a 1970. A shekarar 2021 an ƙidaya mutum fiye da 100,000 da aka yi zaton ta kama, fiye da 3,000 suka rasu, Kano kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsananta. Amma ku sani, ƙwayar cutar ba da kanta take kisa ba. Wani dafi take fitarwa cikin hanji, shi ke sa jiki ya tsiyaye ruwansa har mutum ya bushe cikin yini guda. Wani likita na Kalkata ta ƙasar Indiya, Sambhu Nath De, shi ya tabbatar da haka a 1959. Cikin danginta kuma akwai masu kama da ita waɗanda ba su da dafin, saboda haka ganin ƙwaya kaɗai bai isa hujja ba.

Ga yadda dabarar take. Ana buga tawadar gawayi a kan 'yar falle ta roba wadda ba ta kai yatsa ba, domin gawayin da aka tace yana ɗaukar lantarki. Sa'an nan a shafe ta da wani sinadari wanda ba ya kama kome sai dafin nan, kamar kuba da makullinta. In aka ɗiga ruwan da ake tuhuma, dafin ya manne, sai ya tare hanyar lantarki, ƙarfinsa ya ragu, ma'auni ya nuna gwargwadon raguwar. Duk falken da ya ga mai ciwon sukari yana gwada jininsa ya riga ya ga ɗan'uwan wannan aiki.

Sai dai kada a yi gaggawa. Yawancin wannan gwaji yana ɗakunan bincike tukuna, kuma dattin ruwan rijiya da zafin bazara sukan ruɗa shi. Har yanzu tabbatarwa sai an kai samfur ɗakin gwaji, a jira kwanaki kafin ƙwayar ta tsiro, alhali mai gudawa a Ajingi ba shi da kwanakin nan. Shi dai a fara ba shi ruwa tun da wuri: lita ɗaya tafasasshe, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin cokali, ana ba shi ana hanyar asibiti.