Gajeren hutu: Bakin teku ko ƙasar Daura?

Duk lokacin da Sallah ta gabato, gwamnatin tarayyar Nijeriya kan ba da hutun kwana biyu. Idan aka yi sa'a hutun ya haɗu da Asabar da Lahadi, sai ma'aikaci ya samu kwana huɗu a hannunsa.

Ga magidancin da ke aiki a Kano ko Kaduna ko Abuja, wanda ya ɗan tara abin da zai fita da iyalinsa shan iska, tambayar ita ce ina za a nufa.

A ƙasashe irin su Faransa da Afirka ta Kudu, masu yawon buɗe ido kan zaɓa ne tsakanin bakin teku da yankunan gonakin inabi inda ake yin giya. Musulmin arewacin Nijeriya ba ruwansa da na biyun, amma shi ma yana da nasa zaɓin: ko dai ya gangara kudu ya ga teku, ko kuma ya haura arewa zuwa ƙasar Daura, inda tarihin Hausa ya kafu.

Abin da ke bakin teku

Nijeriya na da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 850, kuma Legas ce ta fi sauƙin zuwa ga mutumin arewa. Yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce madatsar ruwa ko tafkin damina ba, ba zai manta ranar da ya fara tsayawa gaban tekun Atlantika ba.

Akwai Tarkwa Bay, wadda sai da jirgin ruwa ake isa gare ta. Akwai gandun dajin Lekki da aka kafa a 1990, mai gadar igiya da ake bi ta saman itatuwa.

A Badagry kuma, baƙo zai ga wurin da ake loda bayi a jiragen ruwa zuwa nahiyar Amurka, da kuma wani tsohon bene da 'yan mishan suka gina a wajajen 1845.

Sai dai kuma bakin tekun Legas ya sauya. Bar Beach, inda talaka kan je shan iska a da, ta shige cikin aikin sabon birnin Eko Atlantic. A 2024 kuma an rushe wurin shaƙatawa na Landmark domin aikin babbar hanyar Legas zuwa Kalaba. Yawancin wuraren da suka rage sai an biya kuɗin shiga.

Abin da ke Daura

Daura ba ta da teku, amma tana da rijiya, kuma rijiyar ce ke kawo baƙi.

Bisa labarin da aka gada kaka da kakanni, a rijiyar Kusugu ne Bayajidda ya kashe macijin da ke hana mutanen gari ɗiban ruwa in ba ranar Juma'a ba. Daga nan ya auri Sarauniya Daurama, kuma daga zuriyarsa ne aka ce an samu sarakunan Hausa Bakwai, wato Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da kuma Biram.

Masana tarihi sun daɗe suna muhawara kan ko Bayajidda mutum ne da ya rayu, ko kuwa labarin hanya ce ta bayyana yadda sarauta ta koma daga hannun mata zuwa hannun maza. Ita dai rijiyar tana nan, an kewaye ta da gini, kuma baƙi kan ja ruwanta da guga su sha.

Fadar Sarkin Daura ma na da nata tarihin. A farkon ƙarni na 19 masu jihadi ƙarƙashin Malam Ishaku suka karɓe garin, tsofaffin sarakunan suka koma wurare irin su Zango da Baure. A 1906 Turawan mulkin mallaka suka mayar da tsohon gidan sarautar, abin da ya bambanta Daura da Kano da Katsina da Zazzau. Daga wannan gida ne Alhaji Umar Faruk Umar ya hau gadon sarauta a 2007, bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bashar.

Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar na jihar Katsina: Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'adua. Kasuwar Mai'adua, dab da iyakar Jamhuriyar Nijar, na daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na yankin, inda ake hada-hadar shanu da raguna da raƙuma.

Tun daga watan Yulin 2025 kuma garin ya samu wani dalilin ziyara, domin a gidansa na Daura ne aka binne tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari, bayan rasuwarsa a birnin Landan.

Hanya ce ke cin hutu

Babban abin da ke raba gardama a gajeren hutu shi ne nisa.

Daga Kano zuwa Legas ta mota tafiya ce ta fiye da kilomita dubu ɗaya, wadda kan cinye yini guda har da wani ɓangare na dare. Zuwa da dawowa sun kwashe rabin hutun ke nan, ban da cunkoson motocin Legas, wanda kan iya mayar da zuwa Badagry aikin yini sukutum.

Jirgin sama kan yi tafiyar cikin kimanin sa'a ɗaya da rabi, amma kuɗin tikitin mutum biyar ko shida, zuwa da dawowa, ba ƙaramin nauyi ba ne ga mai albashi.

Daura kuwa ba ta kai kilomita 150 daga Kano ba ta hanyar Kazaure, kuma kimanin kilomita 80 ne tsakaninta da birnin Katsina. Wanda ya taso daga Kano bayan sallar Asuba zai iya karya kumallo a Daura. Zai kuma iya ware yini guda ya leƙa Katsina ya ga hasumiyar Gobarau.

Jihar Katsina ta sha fama da hare-haren 'yan bindiga, musamman a yankunanta na yamma da kudu. Daura na arewa maso gabashin jihar, amma duk da haka tafiyar rana da tambayar halin da hanya ke ciki kafin a tashi sun fi zama alheri.

Kowane wuri da lokacinsa

Watannin Sallah na juyawa da kimanin kwana goma sha ɗaya a kowace shekara, don haka hutun kan faɗo a yanayi daban-daban.

A Legas ruwan sama kan yi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ya fi tsanani a watan Yuni. Wanda ya je a lokacin, zai iya ƙare hutunsa a ɗakin otal yana kallon teku ta taga. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne sararin sama ya fi washewa, sai dai a watan Disamba masauki kan yi tsada saboda masu bukukuwan ƙarshen shekara.

A Daura, watannin bazara, wato Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40. Hunturu ya fi daɗin yawo, duk da ƙura da sanyin asuba. Da damina kuwa, gonakin gero da dawa da wake kan mayar da ƙasar kore shar.

Amma lokacin da Daura ta fi cika ta batse shi ne na hawa. Akwai Hawan Sallah, akwai Hawan Magajiya da ke biyo bayansa, sannan akwai Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal, lokacin da hakimai da dagatai kan shigo gari da dawakansu domin gaida Sarki. Masauki kan yi wuya a waɗannan ranaku, saboda haka mai niyya sai ya nema tun da wuri.

Zaman iyali

Akwai kuma batun natsuwar iyali. Wasu wuraren shaƙatawa na bakin teku na cike da kiɗa da shan barasa, musamman da yamma da ƙarshen mako. Mai iyali zai fi jin daɗi idan ya je da safe. Igiyar ruwan Atlantika kuma na da ƙarfi, ba wurin koyon iyo ba ne.

Abinci da masallaci dai ba za su yi wuya ba, domin akwai Hausawa da dama a unguwanni irin su Agege da Idi-Araba da Obalende.

A Daura wannan damuwa ba ta tasowa. Abin da baƙo zai rasa shi ne yawan manyan otal-otal da wuraren wasan yara irin na Legas.

To, wanne za a ɗauka?

Idan kwana uku ko huɗu ne kawai, kuma ta mota za a je, Daura ta fi dacewa, musamman in hutun ya zo daidai da hawa. Yaran da suka karanta labarin Bayajidda a aji za su ga rijiyar da idonsu.

Idan kuwa akwai mako guda, ko halin shiga jirgi, kuma ba damina ba ce, to teku ya cancanci wahalar zuwa.

Abin da ba ya yiwuwa shi ne haɗa su biyun a hutu ɗaya. Hausawa dai sun ce ba a gudu ana susar takashi, kuma Sallah biyu ake yi a shekara.