Linzami a hannun mai kallo: me intanet ya ƙara wa talabijin?

A daren Litinin 17 ga Oktoba 2016, tashar ARD ta Jamus ta nuna wani fim mai suna Terror, wanda aka ɗauko daga wasan kwaikwayon Ferdinand von Schirach, lauyan da ya koma marubuci. Fim ɗin zaman kotu ne tun daga farko har ƙarshe. Ana tuhumar wani matuƙin jirgin yaƙi da harbo jirgin fasinja da 'yan ta'adda suka ƙwace, ya hallaka mutum 164 da ke ciki, don ya hana a faɗa da jirgin kan filin ƙwallo mai ɗauke da mutum 70,000. Da lauyoyi suka gama bahasi sai aka dakatar da fim, aka ce masu kallo su yanke hukunci ta waya ko ta intanet. Dama an ɗauki ƙarshe iri biyu an ajiye. Kusan mutum miliyan 7 ne suka kalla a Jamus, kuma kashi 86.9 cikin ɗari na waɗanda suka jefa ƙuri'a suka ce a sallame shi, don haka aka nuna ƙarshen da alƙali ya wanke shi.

Wanda ya ji wannan zai ɗauka sirrin shirin shi ne an danƙa wa mai kallo linzamin labari. Kamfanoni sun shafe kusan shekara hamsin a kan wannan zato, suna ta zuba masa kuɗi. Amma in aka duba da kyau, zaɓin da aka ba Jamusawa a daren nan ɗan ƙanƙani ne, ɗaya cikin biyu. Abin da ya ɗaga shirin shi ne miliyoyin mutane a Jamus da Ostiriya da Suwizalan sun zauna a kan tambaya guda a sa'a guda, suka kwana suna musu, ganin cewa tun 2006 kotun tsarin mulkin Jamus ta soke dokar da ta halatta harbo irin wannan jirgi. Hujjar da tarihin wannan sana'a ke bayarwa ita ce, haɗin talabijin da intanet yana yin ƙarko ne a inda ya tara jama'a a lokaci ɗaya ya ba su abin tattaunawa. Inda ya tsaya ga ba kowa maɓallin da zai juya labari shi kaɗai a ɗakinsa, burgewar ba ta daɗewa.

Kafin a je nesa, yana da kyau a fahimci abin da ake haɗawa. Watsa shiri ta eriya ko ta tauraron ɗan'adam hanya ce mai zuwa ba dawowa: tasha na magana, ba ta jin kowa. Ƙarfinta shi ne ko mutum goma ke kallo ko miliyan goma, kuɗin watsawar ɗaya ne. Intanet kuwa yana da hanyar dawowa, sai dai kowane mai kallo sai an aika masa nasa rabon daban, saboda haka nauyi na ƙaruwa da ƙaruwar jama'a. A Turai an samar da wani tsari mai suna HbbTV a 2009, aka amince da ƙa'idojinsa a 2010, don a ci moriyar biyun. Tasha na cusa ɗan adireshin intanet a cikin siginarta, talabijin mai haɗe da intanet ya karanta shi ya nuna alama a gefen allo, in ka danna jan maɓalli a rimot sai manhaja ta buɗe a kan hoton: ka dawo da shiri farko, ka duba sakamakon wasa, ko ka jefa ƙuri'a.

Shi kansa mafarkin ba mai kallo linzami ya girmi intanet. A Disambar 1977 kamfanin Warner ya ƙaddamar da wani tsarin talabijin mai suna QUBE a birnin Columbus na jihar Ohio a Amurka, da akwati mai tashoshi 30 da maɓallan ba da amsa guda biyar. Jama'a sun yi ta dannawa, jaridu sun yi ta yabo, amma tsada ta kashe shi a 1984. Bayan shekara 34, a ranar 28 ga Disamba 2018, Netflix ya saki Bandersnatch na Charlie Brooker, inda kowane ɗan lokaci fim zai ba ka daƙiƙa goma ka zaɓa wa jarumin abin yi, tun daga abincin karin kumallo har zuwa kisan kai. An ɗauki hoton da ya haura sa'a biyar don fim ɗin da mutum zai iya gamawa a cikin sa'a ɗaya da rabi. Ya ci lambar Emmy, aka ce ga makomar talabijin ta iso. A ƙarshen 2024 Netflix ya sauke akasarin finafinansa masu irin wannan salo, a Mayun 2025 kuma ya sauke Bandersnatch ɗin kansa.

Tsada na daga cikin dalili, domin kowane reshe na labari sai an rubuta shi, an ɗauka, an tace, alhali yawancin masu kallo ba za su taɓa ganinsa ba. Amma akwai dalilin da ya fi wannan zurfi. Labari yana kama zuciya ne da abin da ba ka da ikon hanawa; in kana iya komawa baya ka ceci jarumi, mutuwarsa ba ta da nauyi. Sannan abokai biyu da suka kalli fim ɗaya suka ƙare a wurare daban ba su da abin gardama washegari. Shi ya sa mai dish a gidansa ke barin kujerarsa ya tafi gidan kallon ƙwallo ya zauna a benci: ihun da musun su ne rabin wasan.

Misalin da ya fi nuna hanya ya fito ne daga Norwe. A Satumbar 2015 tashar gwamnati ta NRK ta fara wani shiri mai suna Skam, wanda Julie Andem ta rubuta ta kuma ba da umarni, a kan rayuwar ɗaliban wata sakandare a Oslo. Ba a yi masa talla ba, don ana so matasa su gano shi da kansu. Dabarar ita ce lokacin labari ya zama lokacin mai kallo. In abu ya faru a aji da safiyar Talata, to da safiyar Talata ake ɗora guntun bidiyon a shafin shirin. In biki ne na daren Juma'a, cikin daren zai fito, ba tare da sanarwa ba. Tsakanin guntayen kuma ana ɗora hotunan saƙonnin da jaruman ke aika wa juna, kuma kowannensu na da shafinsa a Instagram kamar mutum na gaske. Ranar Juma'a sai a haɗa guntayen mako su zama kashi guda a nuna a talabijin. Ba a taɓa ba masu kallo ƙuri'a ɗaya a kan makomar kowa ba, amma sun yi ta leƙa shafin dare da rana, har ta kai lokacin da wani jarumi ya ƙi amsa saƙon budurwarsa, suka cika intanet da kiran lallai ya amsa. Andem kan karanta ra'ayoyinsu tana cikin rubutu, sai dai alƙalamin bai bar hannunta ba. Zango na huɗu a 2017 ya bi rayuwar Sana, yarinya Musulma mai hijabi, ya ratsa watan azumi na ainihi, ya ƙare da walimar Sallah a ƙarshen Yuni. Matasa a wasu ƙasashe suka riƙa fassara shi da kansu, daga baya aka sake yin irinsa a Faransa, Jamus, Italiya, Sifaniya, Amurka da wasu wurare. Masu bin Labarina ko Izzar So a YouTube sun san wani yanki na wannan: ranar fitowar sabon kashi da muhawarar da ke biyo baya su ke riƙe da mutane har mako ya zagayo.

Wani zai ce, to ina aka baro shirye-shiryen ƙuri'a, waɗanda ke samun kuɗi masu yawa? Gaskiya ne. Tashar Globo ta Barazil ta yi shekara takwas, daga 1992 zuwa 2000, tana nuna Você Decide, inda ake bugo waya a zaɓi ƙarshen wasa. Masu shirya Big Brother Naija sun ce an jefa ƙuri'a fiye da miliyan 900 a zangon 2020, kodayake a tuna mutum ɗaya na iya jefa da yawa. Amma waɗannan ma hujjar nan suke ƙarfafawa. Ƙuri'ar tana da daɗi ne saboda ta taron jama'a ce, tana da lokacin rufewa, sakamakonta ɗaya ne ga kowa, kuma wanda ɗan takararsa ya faɗi ba shi da maɓallin komawa baya. Tana kuma da sharaɗi mai nauyi, wato amana. A 2007 aka bankaɗo a Birtaniya cewa wasu tashoshi na karɓar kuɗin kiran waya bayan an riga an zaɓi wanda ya ci. Hukumar Ofcom mai sa ido kan tashoshin ƙasar ta ci tarar tashar ITV fam miliyan 5.675 a 2008. Har shirin yara na BBC, Blue Peter, an kama shi ya sauya sunan da yara suka zaɓa wa kyanwa. Abin dariya ne a ji, amma tashar da ta yi maguɗi a sunan kyanwa, wa zai yarda da alƙalumanta a babban al'amari? Akwai kuma tambayoyin da ƙuri'a ba ta dace da su ba: masana shari'a da dama a Jamus sun soki Terror da cewa ya murƙushe mas'ala mai sarƙaƙiya ya mai da ita eh ko a'a.

Suka mafi ƙarfi ita ce ta waɗanda ake bari a baya, da kuma farashin da ba a gani. Hanyar da ke kai ra'ayinka tasha ita ce ke kai labarin abin da kake kallo da lokacin da ka sauya tasha. A 2017 kamfanin Vizio mai ƙera talabijin ya amince ya biya dala miliyan 2.2 a Amurka saboda tattara irin waɗannan bayanai daga talabijin miliyan 11 ba da sanin masu su ba. Sannan Norwe ƙasa ce da kusan kowane gida ke da intanet; inda data ke cin kuɗin cefane, shirin da sai ka leƙa sau goma a rana zai zama na masu hali. Amsar tana cikin tsarin Skam kansa: kashin Juma'a yana tsayawa da ƙafarsa, wanda bai taɓa buɗe shafin ba zai fahimci labarin. Mai shirya shiri ya kamata ya fara rubuta wa wannan mutumin, sannan ya ƙara wa mai data abin da ya sawwaƙa. BBC ta ɗanɗana fushin waɗanda ake bari a baya lokacin da ta yanke shawarar rufe sashen labaran rubutu na jan maɓallinta, magajin irin wannan tsari mai suna Ceefax da aka fara a 1974, bisa hujjar cewa komai na intanet. Ƙungiyoyin makafi da kurame suka tashi, suka kai koke fadar firaminista, suna cewa tsofaffi da naƙasassu da yawa ba su da wata kafar. A ranar 29 ga Janairu 2020, saura kwana ɗaya a kashe shi, BBC ta dakatar da rufewar.