MOF: Hodar da ke tsame iskar kabon daga hayaƙin masana'antu

MOF sinadari ne da ake haɗawa a ɗakin gwaje-gwaje. Ƙwayoyin ƙarfe irin su tutiya ko tagulla ne mahaɗarsa, wasu sinadarai masu ɗauke da kabon kuma suna ɗaure su da juna. A ido hoda ce kawai, amma cikinta ƙananan ramuka ne birjik. Da za a shimfiɗa bangon ramukan da ke cikin giram ɗaya na nau'in MOF-5, zai rufe filin da ya kai kusan murabba'in mita 3,000.

Richard Robson na Jami'ar Melbourne ne ya aza harsashin wannan fanni a 1989. A 1997 Susumu Kitagawa na Japan ya nuna cewa iska na shiga ramukan ta fita ba tare da ginin ya rushe ba, sannan Omar Yaghi, haifaffen birnin Amman, ya samar da MOF-5 a 1999. Su ukun suka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2025.

Amfanin MOF na cikin yadda mai haɗawa ke zaɓar girman ramin da irin abin da zai manne a bangonsa. Ta haka hodar ke aiki kamar rariya: ta riƙe iskar kabon dayoksaid, ta bar naitirojin ya wuce. In ta cika sai a ɗumama ta, ta saki iskar a tara, a sake amfani da ita. Tsohuwar hanya, wato wanke hayaƙi da ruwan sinadarin amin, na cin makamashi mai yawa wajen tafasa ruwan.

Sai dai yawan ramuka kaɗai bai isa ba. Hayaƙin masana'anta na tafe da tururi, danshi kuwa na lalata MOF-5, a wasu nau'o'in ma ruwa ne ke riga kabon cike gurbin. Wannan ya sa CALF-20, wanda aka haɗa da tutiya a Jami'ar Calgary ta Kanada, ya yi fice: yana jure danshi, kuma kayan haɗinsa ba su da tsada. An gwada shi a wata masana'antar siminti a Kanada, kamfanin BASF na Jamus kuma ya fara sarrafa shi da yawa.

Ana kuma gwada wasu nau'o'in wajen raba iskokin da ake yin roba da su, har da tatsar ruwan sha daga iskar hamada. An haɗa dubun-dubatar nau'o'i kawo yanzu, amma 'yan ƙalilan ne suka isa kasuwa.