Hoton Ciki da Hanyar Sakkwato

A ɗakin ɗaukar hoton ciki, wanda mata suka fi sani da sikanin, akwai tambayar da take riga kowace fitowa. Mai aikin bai gama shafa wa mace man nan mai sanyi da yauƙi a mara ba, sai ka ji uwar mijin da ta rako ta ta ce: "Likita, namiji na ko macce ta?" Ba laifi ba ne, kowa yana son ya san irin kayan jaririn da zai tanada. Sai dai ga matar da ke zaune a wani ƙauye na Goronyo, Wurno ko Rabah, amsar wannan tambaya ba ta rage mata ko minti ɗaya na wahala ranar naƙuda. Abin da zai amfane ta shi ne ta san a ina mabiyiya ta zauna, yaya ɗan yake kwance, guda nawa ne a ciki, kuma cikin makonsa nawa.

Dalilin kuwa hanya ce. Daga Goronyo zuwa Sakkwato ta Achida tafiya ce ta fiye da awa guda, wannan ma in da rana ne kuma motar tana tsaye a ƙofar gida. Wadda ke ƙetaren gulbin Rima da damina, sai ta fara neman yadda za ta kai bakin titi. Da dare kuma, tun da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato, ba kowane direba ke yarda ya tayar da mota ba. Mutanen Goronyo ba su manta da harin kasuwa na watan Oktoba 2021 ba, wanda ya ci rayuka fiye da 40. Naƙuda ba ta duba agogo. Macen da jini ya ɓalle mata da ƙarfe biyun dare a ƙauye ta shiga tsere da lokaci, kuma sau da yawa lokacin ne ke cinyewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya.

Na'urar kanta ba wani siddabaru a cikinta. Amsa-kuwwa ce, irin wadda jemage ke amfani da ita yana shawagi cikin duhu. Ɗan abin da ake gogawa a ciki yana tura sauti mai kaifin da kunnen mutum ba ya ji, sautin ya bugi ƙashi ko tsoka ya dawo, kwamfuta ta mayar da shi hoto: ruwa ya fito baƙi, ƙashi ya fito fari. Babu hasken nan mai cutarwa irin na hoton ƙashi, don haka zancen da ake yi a zauruka cewa sikanin yana ƙona ɗa ko yana shanye shi ba shi da tushe. Wani likitan mata a Glasgow ta Sukotilan, Ian Donald, tare da John MacVicar da injiniya Tom Brown, su suka fara bayyana wa duniya wannan aiki a 1958, kuma sun ɗauko dabarar ce daga na'urar da ake duba tsagewar ƙarfe da ita a masana'antu.

Abu na farko da hoton ke warwarewa shi ne lissafi. Yawancin matanmu da watan sama suke ƙirga ciki, wata ta ce tun azumi, wata ta ce tun girbin gero. Mai shayarwa kuwa da ta samu ciki ba tare da ta ga al'ada ba, ba ta ma da inda za ta fara ƙirga. Idan aka auna tsawon ɗan tayi a watanni ukun farko, kuskuren ba ya wuce mako guda. Idan aka bari sai wata na takwas, kuskuren na iya kai mako uku, kuma mako uku shi ne bambancin bakwaini da cikakken ɗa. Shi ya sa tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta yi hoto aƙalla sau ɗaya kafin mako na 24, ta kuma je awo sau 8. A nan ne kunya ke yi mana ɓarna. Yarinya mai cikin fari za ta yi ta ɓoyewa da mayafi har cikin ya tona kansa, sannan a kai ta awo, lokacin da hoton ya riga ya rasa rabin amfaninsa. Da wuri ne kuma ake gano cikin da ya zauna a wajen mahaifa, wanda in ya fashe jini ke taruwa a ciki ba a gani a zane. Haka wadda aka ce cikinta ya kwanta shekara biyu ana ta jiƙe-jiƙe: hoto ɗaya zai nuna ko ɗan tayi ne ya mutu, ko ƙari ne a mahaifa, ko ma babu komai.

Amma maganar da na fi so mai karatu ya riƙe ita ce ta mabiyiya. Bisa ƙa'ida, a sama ko a gefen mahaifa take manne, ɗa ya fito sannan ta biyo baya, kamar yadda sunanta ya nuna. A kusan ciki ɗaya cikin 200, sai ta sauko ta toshe ƙofar da ɗan zai bi. Hannun ungozoma, komai ƙwarewarta, ba ya gano wannan ta saman ciki. Alamarsa jini ne ja wur da ke zuwa ba tare da ciwo ba a watannin ƙarshe, ya ɗauke, a ce ai sauƙi ya samu, sannan ya dawo da ƙarfi. Irin wannan mace ba ta da hanyar haihuwa sai aiki, a asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini a ajiye. An fi ganinsa ga wadda ta yi haihuwa da yawa, ko wadda aka taɓa yi wa aiki, ko mai ɗauke da tagwaye. Sai dai kada hankali ya tashi idan an ce mabiyiya ta yi ƙasa a wata na biyar, domin kusan tara cikin goma suna hawa sama yayin da mahaifa ke girma. Abin da ake bukata shi ne a koma a sake dubawa wajen mako na 32, kuma komawar nan ce mutane ke watsarwa.

Kwanciyar ɗa ma haka. Uku ko huɗu cikin ɗari suna kai wa lokacin haihuwa a zaune. Wanda ya kwanta a gicciye kuwa ba zai fito ba ko an kwana uku ana rubutu ana sha, kuma ƙarshen doguwar naƙuda irin wannan shi ne fashewar mahaifa ko yoyon fitsari. Duk wanda ya taɓa shiga ɓangaren masu yoyon fitsari a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha a Sakkwato ya ga ƙuruciyar yawancinsu.

Akwai wani nau'in hoton da ake kira Dofla, daga sunan Christian Doppler, masanin Austiriya da ya bayyana ƙa'idarsa a 1842. Shi gudun jini yake aunawa. Manomin albasa ko shinkafa a ƙasan madatsar Goronyo ba ya bukatar dogon bayani: idan magudanar ruwa ta cushe, shuka ce ke fara nunawa. Jijiyoyin da ke shayar da mabiyiya idan suka matse, ɗa ba ya girma yadda ya kamata, uwa kuma tana shiga haɗarin hawan jinin masu ciki, wanda ke kai wa ga jijjiga. Wani bincike da aka buga a 2017 ƙarƙashin Farfesa Kypros Nicolaides na Landan ya haɗa wannan awo da awon jini da tarihin mace a ƙarshen wata na uku, aka ba waɗanda ke cikin haɗari asfirin miligiram 150 kowane dare. Nau'in cutar da ke tilasta haihuwa kafin lokaci ya ragu da kashi 62 cikin ɗari. Likita ne ke rubuta wannan magani, ba mai kemis ba. Kuma irin wannan awo sai manyan wurare kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A ƙauye, abin awon jinin da ake ɗaura wa mace a damtse ya fi shi saurin ceto: in ya kai 140 bisa 90, ga ciwon kai, ga kumburin fuska, ga gani dishi-dishi, ba a jira gobe.

  

Hoton yana da iyaka. Ba ya faɗin wadda jini zai ɓalle wa bayan haihuwa, kuma yakan kasa ganin mabiyiyar da ta fara ɓanɓarowa daga jikin mahaifa. Ingancinsa kuma ingancin mai riƙe da na'urar ne, ga shagunan sikanin sun yi yawa, wasu ba a san inda masu su suka koyo ba. Wani babban bincike da aka buga a 2018, wanda aka yi a karkarar Kenya, Zambiya, Kongo, Pakistan da Gwatemala, ya kai na'urori ƙananan asibitoci aka yi wa dubban mata hoto, amma mutuwar uwaye da jarirai ba ta ragu ba. An ga matsalolin a allo, sai dai da yawa daga cikin matan ba su kai asibitin da aka tura su ba, ko sun kai sun tarar babu abin da ake bukata.

Na san irin wannan a gida. Wata 'yar'uwata an yi mata hoto tana wata bakwai, aka ba ta takarda da Turanci, ta ninke ta huɗu ta cusa a ƙasan akwatin zannuwanta. Abin da ta riƙe daga duk bayanin shi ne namiji ne. Sai da wata ma'aikaciyar jinya maƙwabciyarsu ta nemi ganin takardar, ta karanta ta ce da mijin: "Malam, wannan ba haihuwar gida ba ce, mabiyiya tana bakin ƙofa." Ya sayar da buhun albasa uku, ya kai ta gidan ƙanwarsa a Sakkwato tun cikin bai cika wata tara ba, ya je da ƙannensa biyu aka auna jininsu. Ranar da jinin ya zo, da asuba ne, kuma tsakaninta da ɗakin tiyata tafiyar minti goma ce a keke napep. Mace ta haifa.